Formula 1: Yadda hana gwajin mota ya rikita zaɓen direban ko-ta-kwana

Duk mai kallon ƙwallon ƙafa ya san ɗan benci. Ko ya yi wata uku bai buga wasa ba, kullum yana filin atisaye tare da sauran, ƙwallon da suke bugawa ita yake bugawa. A tseren motoci na Formula 1 ba haka abin yake ba. Kowace ƙungiya motoci biyu take shiga da su da direbobi biyu, sai kuma na uku da ake ajiyewa saboda ko-ta-kwana. Wannan na ukun yana iya shafe shekara cur yana bin tawaga ƙasa-ƙasa, yana sanye da rigar ƙungiya, yana karɓar albashi, amma doka ba ta ba shi damar zama cikin motar bana ba sai 'yan sa'o'in da ba su taka kara sun karya ba. Ranar da aka neme shi kuwa, motar da ke wuce kilomita 300 a awa za a miƙa masa, a ce ya fita ya kara da waɗanda suke cikin tasu tun farkon kaka.

Da can ba a san wannan matsala ba. Har zuwa tsakiyar shekarun 2000, ƙungiyar da ke da kuɗi tana gwada motarta yadda ta ga dama. Ferrari tana da filin tsere nata na kanta, Fiorano, a bayan masana'antarta ta Maranello da ke Italiya, ga kuma filin Mugello da ta mallaka. In injiniyoyi sun ƙera sabon abu da safe, da yamma yana kan kwalta. Manyan ƙungiyoyi har wata tawaga ta daban suke riƙewa, da makanikanta da motocinta da direbobinta, ba ta zuwa tsere, gwaji ne kaɗai aikinta. Saboda haka direban gwaji na wancan zamani yakan san motar kamar tafin hannunsa, wani lokaci ya fi mai tseren da ita yawan zagaye. Abin da ya biyo baya a bayyane yake. A 2003 Marc Gené ya maye gurbin Ralf Schumacher a Williams a filin Monza na Italiya, ya zo na biyar. A 2005 Juan Pablo Montoya na McLaren ya ji rauni a kafaɗa, Pedro de la Rosa ya shiga a Baharen ya zo na biyar, shi ne ma ya yi zagaye mafi sauri a tseren, sannan Alexander Wurz ya shiga a Imola aka ba shi na uku. A 2007 Sebastian Vettel, yana da shekara 19, ya hau motar Robert Kubica a Amurka ya ci maki a tserensa na farko.

Sai dai kuɗin da ake ƙonawa a wannan gwaji ya wuce hankali, kuma ƙananan ƙungiyoyi ba su da yadda za su bi. Daga 2007 aka fara sa iyaka ta kilomita 30,000 a shekara. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, har kamfanin Honda ya tattara ya bar gasar a watan Disamba, sai hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, da ƙungiyoyin suka amince da abin da ya fi tsauri: a 2009 an rage iyakar zuwa kilomita 15,000, kuma da zarar kaka ta fara babu sauran gwaji a fili sai ta ƙare. Manufar ba ta da laifi. Abin da ba a yi dogon tunani a kansa ba shi ne, in direba ya ji ciwo a tsakiyar kaka, wa zai hau motarsa, kuma da wane shiri?

Ba a yi wata bakwai ba amsar ta zo. Ranar 25 ga Yuli, 2009, ana zagayen neman gurbi a Hangari, wato zagayen da ke tantance inda kowa zai tsaya a layin tashi, wani sifirin da bai kai kilo ɗaya ba ya ɓalle daga motar Rubens Barrichello ya doki hular kwanon Felipe Massa na Ferrari. Ƙashin kansa ya tsage, bai sake tsere ba a shekarar. Ferrari ta waiwayi Michael Schumacher, zakaran duniya sau bakwai, wanda ya yi ritaya a ƙarshen 2006, yana da shekara 40 a lokacin. Motar 2009 kuwa ta sha bamban da wadda ya bari: an dawo da tayoyi marasa zane, an sauya fukafukai, an ƙara wata na'ura mai tara ƙarfi lokacin taka birki ta sake shi lokacin da direba ya danna maɓalli. Ferrari ta rubuta wa sauran ƙungiyoyi tana roƙon a ɗaga mata ƙafa Schumacher ya gwada motar na kwana ɗaya rak. Williams da Red Bull da Toro Rosso suka ce a'a.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan ƙi a matsayin ƙyashi, amma a ganina hujjarsu ta fi ta Ferrari ƙarfi. A wannan tseren na Hangari da Massa ya ji rauni, Toro Rosso ta sa wani yaro ɗan Sifaniya, Jaime Alguersuari, mai shekara 19, wanda bai taɓa zagaya filin tsere da motar Formula 1 ba, gudu a miƙaƙƙen titi kawai ya taɓa yi da ita. Ba wanda ya ɗaga masa ƙafa. In ba a yi wa yaron da bai san komai ba sassauci ba, da wane ido za a yi wa wanda ya ci tsere 91? Williams ta ƙara da cewa Ferrari tana da direbobin gwaji a ajiye, ita ta zaɓi ta tsallake su. Dole Schumacher ya haƙura da tsohuwar motar 2007 a Mugello, kuma a nan ne wuyansa, wanda ya ji wa ciwo a faɗuwar babur a watan Fabrairun shekarar, ya nuna ba zai ɗauka ba. Ranar 11 ga Agusta ya janye.

A nan Ferrari ta yi zaɓen da har yau ake misali da shi. Direbobin gwajinta biyu ne. Akwai Marc Gené, wanda wata biyu kafin nan ya ci tseren awa 24 na Le Mans da motar Peugeot, wato hannunsa da ɗumi. Akwai kuma Luca Badoer, ɗan Italiya mai shekara 38, wanda ya yi wa ƙungiyar fiye da shekara goma yana gwaji, yana cikin waɗanda suka gina motocin da Schumacher ya yi mulki da su, amma rabonsa da tsere a Formula 1 tun 1999. Aka ba Badoer, shugabannin ƙungiyar ma ba su ɓoye cewa sakayya ce ga wahalar da ya sha ba. A Valencia shi ne na ƙarshe a neman gurbi. A Spa ta Beljiyam ma na ƙarshe, kuma ya gama tseren a ƙarshen waɗanda suka kai, alhali abokin aikinsa Kimi Räikkönen ya ci tseren da mota irin tasa. 'Yan jarida suka yi masa ca, aka mai da shi abin dariya.

Kafin a yanke wa Badoer hukunci, a dubi wanda ya gaje shi. A wannan tsere na Spa, Giancarlo Fisichella ya ɗauki gurbin farko da motar Force India, ƙungiyar da ba ta taɓa cin ko maki ɗaya ba kafin ranar, ya zo na biyu, tazararsa da Räikkönen ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Mutum ne da ya ci tsere uku a rayuwarsa, yana tsaka da kaka, jikinsa a murje. Ferrari ta ɗauke shi. Tsere biyar ya yi mata, bai kawo ko maki ɗaya ba, mafi kyawun da ya yi shi ne na tara a Monza, a lokacin kuwa takwas na farko ake ba maki. Motar Force India ba ta da waccan na'ura mai tara ƙarfi, ta Ferrari tana da ita, kuma na'urar tana sauya yadda mota ke amsa birki. Abin da kwana biyu na gwaji za su iya koya masa, sai ya zamana a gaban jama'a yake koyonsa. A ƙarshen kaka McLaren ta ƙwace wa Ferrari matsayi na uku da maki ɗaya tak, 71 da 70. Matsayin nan kuɗi ne, don da shi ake rabon kuɗin gasar. Badoer tsoho ne da ya daɗe bai yi tsere ba, wannan gaskiya ne, amma shi ma kansa dokar ta hana shi aikin da ya iya, wato gwaji, kusan duk shekarar. Ko FIA ta ga haka, shi ya sa daga 2010 ta ba da damar kwana ɗaya na gwaji ga duk wanda za a sa a gurbin wani in ya yi shekara biyu bai yi tsere a gasar ba. Wannan sassaucin yana amfani in akwai lokaci. Ba ya tsinana komai in direba ya tashi da ciwon ciki ranar Asabar da safe.

Me ya sa na'urar kwaikwayon tuƙi ba ta toshe wannan giɓi ba? Ai da aka hana gwaji a fili, can kuɗin ya koma. Manyan ƙungiyoyi sun gina ɗakunan da ake zaunar da direba cikin gangar jikin mota, a gabansa majigi, a ƙarƙashinsa injinan da ke jijjiga shi, kwamfuta tana lissafa yadda taya za ta kama kwalta. Direban ko-ta-kwana na yau a nan yake yini, wani lokaci ya kwana ranar Juma'a yana gwada saitin da za a aika wa masu tsere kafin gari ya waye. Zai haddace kwanoni, zai san maɓallan sitiyari. Abu biyu ne na'urar ba ta bayarwa. Na farko nauyin da ke danne jiki: a kwana mai gudu ko wurin taka birki, kan direba da hularsa suna iya ninka nauyinsu sau biyar, kuma babu motsa jikin da ke gina wuya kamar tuƙin kansa. Na biyu tsoro. Wanda ya doki katanga a kwamfuta maɓalli zai danna ya sake farawa.

Tun da ƙofa ta rufu, kowa ya shiga neman taga. A watan Mayun 2013 Mercedes ta yi wa kamfanin taya na Pirelli gwajin kilomita 1,000 a Barcelona da motar shekarar, da Lewis Hamilton da Nico Rosberg a ciki, sauran ƙungiyoyi ba su sani ba sai daga baya. Kotun FIA ta ja musu kunne, ta kuma hana Mercedes shiga gwajin matasan direbobi na filin Silverstone da ke Birtaniya. A lura da wanda hukuncin ya faɗa wa: manya suka ci moriyar, matashin da zai hau motar a Silverstone ya rasa kwanakinsa. Babbar tagar kuwa ita ce tsofaffin motoci, don a lokacin doka ta yarda a gwada motar da ta kwana biyu, wadda ta ba shekara biyu baya. Ƙungiyar Alpine ta yi wa Oscar Piastri wannan hidima a 2022, sai ga shi ya tafi McLaren, rigimar har gaban kwamitin da ke duba kwantiragin direbobi, Alpine ta sha kaye. Mercedes ta ɗora Kimi Antonelli kan tsofaffin motocinta dubban kilomitoci a 2024 kafin ta ba shi kujerar Hamilton. Da Max Verstappen ya hau motar Red Bull ta 2022 a Imola a tsakiyar kakar 2024, abokan hamayya suka yi ƙorafin cewa wannan ba renon yaro ba ne, gyaran motar bana ake yi a fakaice. Daga 2025 aka taƙaita direbobin da ke tsere ga kilomita 1,000 a shekara a irin wannan gwaji. Amma riƙe tsohuwar mota da injinta da makanikanta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ƙungiyar Haas ba ta fara irin wannan shiri ba sai bayan ƙawancen da ta ƙulla da Toyota a ƙarshen 2024. Wato fifikon da aka kora ta gaba ya zagayo ta baya, sai dai bai kai na da girma ba.

To yaya ƙungiya ke zaɓe a yau in ta shiga tsaka mai wuya? Farko akwai shingen takarda. Tun 2016, bayan Verstappen ya shigo yana da shekara 17, babban lasisin FIA yana buƙatar maki 40 da aka tara a ƙananan gasanni cikin shekara uku, da kuma tuƙin kilomita 300 a motar Formula 1. Wannan ne ya hana Colton Herta, wanda ya ci tsere da dama a gasar IndyCar ta Amurka, samun kujerar kakar 2023. Sannan akwai agogo: in an riga an yi zagayen neman gurbi, ba a sauya direba. Shi ya sa da Lance Stroll na Aston Martin ya janye a Sifaniya a 2025 saboda ciwon hannu bayan an gama neman gurbi, Aston Martin da mota ɗaya ta shiga tsere, alhali tana biyan direbobin ajiya.

Bayan waɗannan, darasin 2009 ne ke aiki: ɗumin hannu ya fi daɗewa a gida. Shekarar korona ta nuna haka ƙarara. Da cutar ta kama Sergio Pérez a 2020, ƙungiyarsa Racing Point ta kira Nico Hülkenberg, wanda ba shi da kwantiragi da kowa amma ya yi tsere har ƙarshen 2019, ya kuma taɓa zama ɗan gidan. A tsere na biyu a Silverstone ya ɗauki gurbi na uku ya gama na bakwai. A watan Oktoba aka sake kiransa ranar Asabar yana birnin Kolon na Jamus, ya kamo hanya zuwa filin Nürburgring, ya faɗa mota ba tare da atisaye ko na zagaye ɗaya ba, ya tashi daga na 20 ya gama na takwas. Da cutar ta kama Hamilton a watan Disamba, Mercedes tana da Stoffel Vandoorne a matsayin na ajiya, amma ta tsallake shi ta aro George Russell daga Williams. Russell ya fi Hamilton tsawo sosai, sai da ya matsa ƙafarsa cikin takalmin da bai kai nasa ba kafin ya shiga motar. Ya jagoranci mafi yawan tseren na Sakhir, da ba don an rikita masa tayoyi a gareji ba, sannan taya ta yi faci, da wuya a hana shi nasara. Na tara ya zo. Duk wanda ya ga wannan ya gane cewa sunan direban ajiya ba alkawarin kujera ba ne. Felipe Drugovich ya ci gasar Formula 2, wadda ke ƙasa da Formula 1, a 2022, doka ta hana zakara komawa wannan gasar, ya zauna a Aston Martin shekara uku bai yi tsere ko ɗaya ba.

Wani abin da ƙarancin gwaji ya haifar, wanda ban ga ana yawan faɗa ba, shi ne yadda ake auna mutum da mako ɗaya. Tun da babu dubban kilomitocin da za a duba, tsere guda ya zama jarrabawa, sakamakonta kuma yana iya yaudara ta kowane ɓangare. A Monza a 2022, Nyck de Vries ya yi atisaye da motar Aston Martin ranar Juma'a, ranar Asabar aka kwantar da Alex Albon na Williams saboda afendis, de Vries ya koma motarsa, ranar Lahadi ya zo na tara, kafaɗunsa sun mutu har sai da aka taimaka masa ya fito daga motar. A kan wannan rana ɗaya ƙungiyar AlphaTauri ta ba shi kujerar 2023. Monza kuwa fili ne na miƙaƙƙun tituna da ya dace da motar Williams ta shekarar, kuma direbobi da yawa an mai da su baya a layin tashi saboda hukuncin sauya inji. Bayan tsere goma babu maki, aka sallame shi. Wanda ya gaje shi, Daniel Ricciardo, da gwajin tayar Pirelli na kwana ɗaya a Silverstone ya samu kujerar.

Wani lokaci kuma jarrabawar takan faɗi gaskiya. A watan Maris na 2024 a Jidda, a filin da aka shimfiɗa bakin Bahar Maliya, mai matsattsun katangu da gudun tsiya, afendis ya kama Carlos Sainz na Ferrari. Ferrari, wadda ta ƙone hannunta da Badoer, wannan karon yaro ɗan shekara 18 ta ɗauko, Oliver Bearman, wanda ya zo garin don tseren Formula 2 har ya ɗauki gurbin farko a can. Awa ɗaya ta atisaye ya samu. Ya tashi na 11, ya gama na bakwai, Lando Norris da Hamilton suna bayansa. Aka yi ta cewa baiwa ce, kuma baiwar tana nan. Amma Bearman ba daga sama ya faɗo ba: ya san filin tun daga ranar da ta gabata, ya yi atisayen Juma'a da motar Haas sau biyu a 2023, Ferrari ta ɗora shi kan tsofaffin motocinta, ga sa'o'in na'urar kwaikwayo a Maranello. Duk tagogin da doka ta bari a buɗe an bi da shi ta cikinsu. Yaron da ƙungiyarsa ba ta da waɗannan ba zai samu irin wannan daren ba, ko da baiwarsu ɗaya.

Ba na cikin masu cewa a koma gwaji ba iyaka. Tun 2021 akwai ƙa'idar kashe kuɗi, wadda ta fara da dala miliyan 145, kuma kalandar ta kai tsere 24 a shekara, makanikai ba su da sauran numfashin da za su ƙara wasu tafiye-tafiye. Amma gyaran da aka yi ya yi kaɗan. Daga 2022 an wajabta wa kowace ƙungiya ta ba sabon direba atisayen Juma'a sau biyu a kaka, daga 2025 aka mai da shi sau huɗu. Awa huɗu ke nan a shekara, kuma a cikinsu abin da ake fara gaya wa yaro shi ne kada ya kuskura ya fasa motar mai ita. Antonelli ya fasa ta Russell a Monza a 2024 cikin mintuna kaɗan, aka yafe masa don an riga an yanke shawarar ɗaukarsa. Ba kowa ke da wannan gata ba. Su kansu masu kujera, a 2023 da 2024 da 2025 kwana uku aka ba ƙungiyoyi a Baharen kafin kaka, da mota ɗaya, wato kwana ɗaya da rabi ga kowane direba. Da wannan shiri Red Bull ta ɗora Liam Lawson kusa da Verstappen a 2025, ta sauke shi bayan tsere biyu. Alpine ta sauke Jack Doohan bayan shida.

Sabuwar ƙungiyar Cadillac, wadda aka ba gurbin shiga gasar daga 2026, ta karanci duk wannan kafin ta zaɓi direbobinta. Ba ta da tsohuwar mota ko ɗaya da za ta reni yaro a kanta, har sai da ta ari ta Ferrari ta 2023 don makanikanta su saba da aiki a Imola. Ƙungiyar Amurka ce, kuma an yi ta sa ran za ta zo da Ba'amurke, amma Valtteri Bottas da Sergio Pérez ta ɗauka, mutum biyu da suka haura shekara 35, kowannensu ya yi tsere fiye da 200. Herta kuwa direban gwaji aka ba shi, ya bar IndyCar ya nufi Formula 2 don ya cike makin lasisinsa.